Ba a Buɗe Ba

Litinin, da hantsi

Yau Yaya ya fara aiki a shagon Mai Wanki. Na fara rubuta wannan ne don in tuna cewa akwai abin farin ciki a yau, kafin Dokta ya ɓata mini sauran yinin.

Na raka shi har bakin shago kamar mai kai yaro makaranta, mutumin da ya goye ni ina ƙarama. Shekarun da ya yi a gidan yari sun cinye masa jiki, rigar Baban yara da na ba shi sai lilo take a kafaɗarsa. Mai Wanki ya karɓe shi hannu biyu, ya nuna masa teburin guga, ya ce da yamma kuma shi zai riƙa kai wa mutane kayansu gida-gida. Wata ɗaya ne na gwaji. In an gama lafiya, aikin ya zama nasa, Kafinta da Dokta kuma kowa zai ɗauki mutum ɗaya cikin waɗanda za a sako nan gaba. In ba a gama lafiya ba, kowa ya kama gabansa, ni in koma kan keken ɗinkina da kunyata, Yaya ya koma zaman ɗaki.

Allah kaɗai ya san takalmin da na kashe kafin in tara mutanen nan uku wuri ɗaya. Dokta ba likita ba ne, kemis yake da shi a kan kwana, amma in ba ka ce masa Dokta ba ko gaisuwarka ba ya amsawa. Shi ya fi kowa zancen taimakon al'umma, shi ne kuma ya tare ni ɗazu yana tambaya yaushe za a zo ɗaukar hoto. Kafinta tun da aka fara bai ce komai ba sai "to". Baban yara kuwa ya samu abin tsokana. "Shugaba, yau za a ci abinci a gidan nan, ko sai kwamiti ya zauna?"

Doka ɗaya muka kafa, ni ce ma na kawo ta: kada wanda ya ambaci gidan yari a gaban Yaya, kada kuma a tsare shi da tambayoyi. A ɗauke shi kamar wanda ya dawo daga doguwar tafiya. Kowa ya yaba. Matar ofishin walwala da ta zo shaida har cewa ta yi za ta kai shawarar wasu unguwanni.

Laraba, da yamma

Mai Wanki ya ce bai taɓa ganin guga irin ta Yaya ba. Na dawo ina ta murmushi ni kaɗai, har na ɗora wa wata baiwar Allah hannun riga a karkace, sai da na farke.

A gida dai ba ya magana. Na ba shi ɗakin baya, mai banɗaki a ciki da labule ya raba, don ya sake. Da safe in na tura ƙofa da shayi, sai in same shi a tsaye ya shirya tsaf, har da takalmi. Na ce, "Yaya, kai dai ba ka san lalaci ba." Ya ce, "Ina kwana, Auta." Shi ke nan hirar.

Ko masallaci ba ya fita da asuba, a ɗaki yake sallarsa. Gajiya ce.

Asabar, bayan la'asar

Mai Wanki ya leƙo shagona yana ta sosa ƙeya. Wai kayan mutane suna isa a makare. Zagayen da ake gamawa kafin rana ta yi sanyi, Yaya sai gab da magariba yake dawowa, wani lokacin ma da ƙunshi ɗaya ko biyu da bai bayar ba.

Na ce, "To ka tambaye shi mana."

Ya ce, "Haba uwar ɗakina, ke fa kika ce kada a tsare shi da tambaya. In na ce masa ina ka tsaya, ai kamar na tuhume shi ne."

Na ce unguwar ce ta canza masa, gidaje sun ƙaru, zai saba. Mai Wanki ya ce haka ne, haka ne, ya tafi bai gamsu ba. Ni ma ban gamsu ba.

Talata, da rana tsaka



Matar wani gida mai koren get, cikin masu ba Mai Wanki kaya, ta shigo mini shago, ko sallamar kirki babu, ga mata biyu suna jiran awo. Wai jiya ta hango ɗan'uwana ta tagar bene, ya zo ya tsaya a bakin get ɗinta da ƙunshin wanki a hannu. Bai ƙwanƙwasa ba, bai tura ba, ga ƙaramar ƙofar ko sakata babu. Yana tsaye kawai yana ƙare wa makullin kallo. Ta sauka ta duba tukunya, ta dawo, yana nan. Sai da mai aikinta ta fita zubar da shara sannan ya miƙa kayan.

"Ni dai ina da yara," in ji ta. "Kuma kowa ya san inda ya fito."

Na ce, "Abin da ya kai shi can ba sata ba ce, ke ma kin sani."

Ta ce, "Na sani. Amma da wa ya zauna a can?"

Na cika na batse. Ta ce ta daina ba Mai Wanki kaya sai an canza ɗan aike, ta fice. Matan nan biyu kuwa suka duƙufa kallon yadi kamar yau suka fara ganinsa.

Abin da ya kai shi can ba zan rubuta shi a nan ba. An yi shari'a, ya biya, ya ƙare.

Laraba, da yamma

Gida biyu kuma sun janye. Labari iri ɗaya: tsayuwa a bakin ƙofa.

Alhamis, bayan azahar

Mun yi taro a ɗan ɗakin da ke cikin shagon Kafinta, inda yake ajiye fenti da ƙusa. An tura ƙofa, mu huɗu, muna magana ƙasa-ƙasa a kan mutumin da ke can tsallaken titi yana guga, bai san ana yi ba.

Dokta ya gyara tabarau ya ce a iliminsa, irin waɗannan mutane ba sa canzawa gaba ɗaya, "akwai abin da ke zama a jini". Na ce wane jini? Jinin da ke jikina ne fa. Ya ce shi ba haka yake nufi ba, amma shi shagonsa akwai magunguna masu haɗari, dole ya yi tunani kafin ya ɗauki nasa mutumin. Mai Wanki ya ce shi yana son Yaya har ransa, sai dai da kwastoma yake ci da iyalinsa. Gaskiya ce, ita ce ma ta fi ƙona mini rai, don ba ni da abin da zan ƙaryata. Kafinta ya ce "to".

Aka yi ta zagaye. A sa wani ya bi shi a ɓoye. A'a, in ya gane zai ji ciwo. A cire shi daga kai kaya. A'a, Mai Wanki ba zai iya riƙe mutum biyu ba. Ba wanda ya ce a kira shi a ji ta bakinsa. A ƙarshe aka jibga mini, wai ni ce ƙanwarsa, in bi shi da dabara.

Dabara! Ni da ko farashin yadi ba na iya tambaya da dabara.

Juma'a, da safe

Na kai shayi na zauna a bakin gado, abin da ban saba ba. Na ce, "Yaya, ya aikin? Gidajen nan ba sa ba ka wahala?"

Ya ajiye kofin, ya miƙe tsaye, ya haɗa hannuwa a baya. "Akwai abin da na yi ne, Auta?"

Wallahi irin kallon da ya yi mini, ba kallon wa da ƙanwa ba ne. Na ce babu komai, sha shayinka. Na fito na je kicin na yi ta wanke tukunyar da na riga na wanke.

Asabar, da yamma

Baban yara ya sa sabon kwaɗo a ɗakin ajiya. Na tambaye shi, ya ce tsohon ya yi tsatsa. Tsohon da na saya da hannuna bara.

Na ce, "Kai ma?"

Ya ce, "Ni ban ce komai ba, Shugaba."

Na ce kada ya ƙara ce mini Shugaba. Yau ba mu ci abinci a kwano ɗaya ba.

Lahadi, da rana

Ba abin rubutawa. Kowa yana gaishe ni da fara'ar da ta yi yawa.

Litinin, bayan la'asar

Ban san ta inda zan fara ba.

Da sassafe na fita kasuwa sayen yadin kayan makaranta, don in riga cunkoso. Na bar shayin Yaya a kicin a rufe, na ce wa Baban yara ya faɗa masa. Shi kuma, da yake har yanzu muna fushi, sai ya tsaya daga tsakar gida ya ce, "Akwai shayi a kicin," ya kwashi yara zuwa makaranta ya wuce wurin aikinsa.

Na dawo rana ta take, na tarar da Mai Wanki a bakin shagona ya sha mur. Yaya bai je aiki ba. Ga kaya jibge, ga wani mai tafiya yana jiran rigunansa. "Na yi haƙuri da makara, na yi haƙuri da surutun mutane, yanzu kuma fashi ba ko aike?"

Na jefar da yadin na shige ciki. Duk abin da zan faɗa na riga na jera shi: wahalar da na sha, kunyar da na kwasa, gaba da mijina. Na ga shayi yana nan yadda na bar shi. Na banka ƙofar ɗakin baya.

Yana tsaye. Daf da ƙofar, har ta kusa buge masa goshi. Ya shirya tsaf, da takalmi, hannuwa a baya, rigar ta jiƙe da gumi. Ƙafafunsa sun kumbura don tsayuwa.

Na ce, "Me kake yi a nan? Me kake jira?"

Ya ce, "Ba a buɗe ba."

Na ce, "Wa zai buɗe? Ƙofar nan ko makulli ba ta da shi!"

Ya kalli mariƙin ƙofar, ya kalle ni. Ya ce, "Na sani, Auta. Kaina ya sani. Hannuna ne bai yarda ba."

Sai na zauna a ƙasa, a nan inda nake. Ya faɗa mini a tsaye, yana kallon bango. A can ba ka taɓa ƙofa. Kana zuwa ka tsaya, sai mai makulli ya ga dama. Ba ka bugawa, ba ka ɗaga murya. Wanda ya taɓa ƙofa ya san abin da zai same shi, shi kuma ya gani, kuma an nuna masa a jikinsa tun shekarar farko. Ya ce a bakin gidajen mutane yana yin sallama, amma muryar ba ta fita. Yana kallon mariƙi yana cewa yanzu, yanzu, har wani ya fito.

Ashe tun ranar da ya dawo ni ce mai makullinsa. Ni ke buɗewa da safe da shayi, ni ke ja masa ƙofa da dare saboda sauro. Tare muke fita in buɗe ƙofar gida, in ya dawo kuma ta shagona yake shiga, wanda ke hangame har magariba. Ina ta yabonsa wai ba ya lalaci.

Na tashi na ce, "Shi ke nan, an gama. Yanzun nan zan je in faɗa musu."

Ya riƙe mini hannu. Tun da ya dawo bai taɓa ni ba sai yau. "Kada ki faɗa."

"Yaya, cewa suke ɓarawo ne kai! Cewa suke makullan mutane kake nazari!"

Ashe bai ma san ana faɗa ba. Sannan ya ce, "Gara su ce ɓarawo. Ɓarawo mutum ne mai hankali. In suka ji ƙato kamata ba ya iya buɗe ƙofa, yara ne za su riƙa bi na a titi. Ki yi mini alkawari."

Na yi. Na fita na ce wa Mai Wanki zazzaɓi ne. Ya ce Allah ya sawwaƙe, da muryar wanda bai yarda ba.

Talata, da safe

Mun gwada. Na tsaya a cikin ɗakin tare da shi, na tura ƙofa, na ce, "Buɗe." Ya murɗa ya buɗe, ba wata wahala. Na yi tsalle kamar yarinya.

Ya ce, "Auta, ai kin ce in buɗe. In an ce, ina yi. A bakin gidan mutane wa zai ce?"

Na sake rufewa na yi shiru. Ya ɗaga hannu, ya kai rabi, hannun ya tsaya a iska yana karkarwa. Na jira. Na jira. Sai kawai na ji bakina yana cewa, "Don Allah murɗa mana, ƙarfe ne fa, ba wuta ba ce!" Ya murɗa. Ya juyo ya dube ni, mu duka mun san wannan ba ta shiga lissafi ba.

Na yi masa tsawa. Ni, na yi wa Yaya tsawa.

Laraba, da rana

Matar ofis ta kira a waya, murya kamar ana shafa mata mai. Tana son jin "irin ci gaban da aka samu", don akwai mutum biyu da za su fito ƙarshen wata, an riga an faɗa musu cewa akwai unguwar da ke jiransu da aiki. An riga an faɗa musu! Na ce komai lafiya. Yau ƙarya ta biyu ke nan a mako ɗaya, ni da ake cewa bakina ba ya riƙe ko gishiri.

Alhamis, da yamma

Mai Wanki ya ce ranar Asabar a zauna a yanke magana. Ya ce, "Ki yafe ni, uwar ɗakina." Bai iya haɗa ido da ni ba.

Na bi ta shagon Kafinta karɓar kujerar da na kai gyara. Maganar ta zo mini har kan harshe. Jimla ɗaya ce fa, in na faɗe ta aiki ya tsira, mutum biyun can ma sun tsira. Ya tsaya da guduma a hannu yana jira. Na ce, "Ƙafar kujerar ta zauna?" Ya ce, "To, ta zauna."

Na tsani alkawari. Na tsani dokar da na kafa. Na tsani ƙofofi, duk wanda ya ƙirƙiro su.

Juma'a, bayan la'asar

Baban yara ya same ni a kicin ina kuka a kan albasar da ban ma fara yankawa ba. Ya tambaya, na ce ba zan iya faɗa ba. Sai ya ce, "To ko me ne ne, kin san ba ke kaɗai ba ce a gidan nan." Na zuba mana abinci a kwano ɗaya.

Da Yaya ya dawo na tare shi a tsakar gida. Na ce, "Gobe bayan azahar za a yi taro a kanka, a ɗakin fenti na Kafinta. Ba shi ne na farko ba. Mun sha zama muna yanka ka muna ɗinkewa ba ka nan, ni ce kuma na ce a yi haka. Na hana kowa ya ce gidan yari a gabanka." Ya ɗan zabura da jin kalmar a bakina. Na maimaita, "Gidan yari, Yaya. Can ka je, ba kasuwa ba. Alkawarinka yana nan, ba zan faɗa ba. Gobe za su sallame ka ina zaune ina kallo."

Ya ce, "Cewa kike in zo?"

Na gane abin da yake nema. In na ce zo, zai zo, kamar yadda yake murɗa mariƙi in na ce murɗa. Na ce, "Ban ce ba. Ka dai san wurin."

Asabar, gab da magariba

Mun haɗu a ɗakin fentin, an tura ƙofa kamar kullum. Dokta ya zo da jawabinsa a shirye. Wai shi tun farko ya hango, amma bai so ya karya mini gwiwa ba. Mai Wanki yana ta murza hularsa. Ni ina kallon ƙasa, don in na ɗago zan faɗi abin da na yi alkawarin ba zan faɗa ba.

A ƙasan ne na gan su. Ƙofar ɗakin fentin ba ta kai ƙasa ba, akwai tazara kamar faɗin tafin hannu. Takalman Baban yara ne, waɗanda na ba Yaya, an goge su tas, a jere daf da ƙofar.

Dokta ya bi idona. "Kun gani ko? Kun gani da idonku! Laɓe yake mana. Abin da matar can ta faɗa ke nan."

Mai Wanki ya yunƙura zai buɗe. Na ce, "Don girman Allah zauna."

Ya ce, "A ce masa ya shigo mana, ai ba daɗi."

Na ce, "Kada wanda ya ce komai. Kada wanda ya taɓa ƙofar nan."

Suka dube ni kamar na zautu. Dokta ya ce wannan wane irin wasa ne, shi ya bar shago ba kowa. Na ce ya tafi in yana so, amma sai dai ta taga. Ban san daga ina maganar ta fito ba. Kafinta ya yi wani ɗan sauti, ina jin dariya ce.

Muka zauna. Ɗakin ya yi zafi, warin fenti ya cika mini kai. Kalmar "shigo" tana nan a maƙogwarona kamar ƙashin kifi, na cije leɓe har na ji ɗanɗanon jini. Mariƙin ya motsa kaɗan, ya koma. Na ji Mai Wanki ya ja numfashi. Ya sake motsawa, ya yi ƙasa rabi, ya tsaya yana rawa, ƙarfen yana ƙara ƙas-ƙas-ƙas. A nan ne Dokta ya yi shiru, don ko shi ya ga cewa mai laɓe ba haka yake yi ba.

Ƙofar ta buɗe.

Ya jiƙe sharkaf kamar an watsa masa ruwa, hannunsa yana kan mariƙin bai saki ba. Ya yi sallama, muka amsa a hargitse. Ya ce, "Ku gafarce ni, ba a kira ni ba." Sannan ya faɗa musu, duk abin da ya faɗa mini, har da abin da bai faɗa mini ba, wanda shi ma ba zan rubuta ba. Ya ce, "Wannan ce ƙofa ta farko da na buɗe don kaina tun da aka kai ni. Ba makullin kowa nake kallo ba. Tsoronsa nake ji." Ya juya wurin Mai Wanki. "Maigida, na ɓata maka kasuwa. In ka sallame ni ba ka zalunce ni ba. Amma waɗanda za su fito, ku riƙa tambayarsu. Kuna ta yi mini sannu da zuwa, ba wanda ya ce daga ina."

Ba wanda ya dube ni, amma na ji ta a jikina.

Mai Wanki ya share fuska da hula ya ce, "Gobe tare za mu zaga. Ni ba zan buga ƙofar kowa ba, kai za ka buga, ko da za mu kwana a titi. Matar koren get kuma ni zan same ta, in ka yarda a faɗa mata." Yaya ya gyaɗa kai, alamar ya yarda.

Dokta ya ce abin tausayi ne ƙwarai, amma shi sai ya yi shawara da iyali game da nasa alkawarin. Mun san ma'anar wannan. Ya fita ta ƙofar da Yaya ke riƙe da ita, ko kunya babu. Saura mutum ɗaya ke nan ba shi da wurin zuwa ƙarshen wata, takalmina kuma zai sake shan titi.

Kafinta ya ce, "To. A turo mini nawa." Jimla mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa.

Lahadi, da hantsi

Ban kai shayi ba. Na ajiye shi a kicin, na zauna a kan tabarma a tsakar gida ina fuskantar ɗakin baya. Ina hango inuwar takalmansa ta ƙasan ƙofa. Na ɗauka abin jiya ya wanke komai, ashe ba haka ba ne, ƙofar yau daban take da ta jiya.

Sau nawa na yunƙura, ban sani ba. A ƙarshe sai da na zauna a kan hannuwana. Baban yara ya fito, ya dube ni, ya dubi ƙofar. Jiya da yamma Yaya da kansa ya faɗa masa komai, na kuma lura kwaɗon ɗakin ajiya ya ɓace ba a ce komai ba. Baban yara ya raɗa mini, "Shugaba, shayin fa zai huce." Na ce ya huce. Ya zauna kusa da ni, ya hana yara gudu.

Rana ta hau katanga, ta sauko har kan tabarmar. Sannan muka ji ƙas, ƙofar ta buɗe. Ya fito yana ƙifta ido, ya gaishe mu, ya wuce kicin. Ƙofar kicin ɗin ma na tura ta da gangan, ta ɗan ɗauke shi lokaci, amma ba kamar ta farko ba.

Can sai ga shi ya leƙo da kofi a hannu, ya ɓata fuska irin yadda yake yi mini tun ina yarinya.

"Auta, wannan wane irin shayi ne? Ai ya yi sanyi ƙalau."

Tun da ya dawo, yau ne ya fara kushe wani abu a gidan nan. Na ce masa ashana tana kan taga, ya ɗumama da kansa. Na juya baya don kada ya ga fuskata.